Motocin da aka yi wa kwaskwarima da ƙalubalen sanyin hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, daidai lokacin da sanyi ke kankama a nahiyar Turai, dubban masu sha'awar motoci kan yi tururuwa zuwa birnin Essen na ƙasar Jamus, inda ake gudanar da wani baje kolin motoci da ya samo asali tun shekarar 1968. A can ne kamfanoni ke baje kayayyakin da ake ɗaura wa mota domin ƙara mata ƙarfi da gudu, kamar yadda ake yi a baje kolin SEMA na birnin Las Vegas a Amurka.

To sai dai akasarin waɗannan kayayyaki an ƙera su ne da tunanin lokacin zafi da filin tsere, inda babban abin tsoro shi ne inji ya yi zafi fiye da kima. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifili, lissafin kan juye. Kayan da suka ceci inji a watan Yuli, su ne za su iya halaka shi a watan Janairu, kuma asarar kan kai ga sayen sabon inji, wani lokacin ma ga haɗari a kan hanya.

Me ake sauyawa a jikin motar?

Kwaskwarimar da ta fi yawa ta shafi sassa biyu ne: hanyar da inji ke shaƙar iska, da kuma hanyar da yake fitar da zafi.

A ɓangaren iska, akan cire akwatin matatar iska da kamfani ya saka, a maye gurbinsa da buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari. Wasu kan haɗa ta da dogon bututu har zuwa ƙasan bamba, domin ta riƙa zuƙo iskar waje mai sanyi maimakon iskar da ta ɗumama a ƙarƙashin bonet. A motoci masu turbo kuma, akan ƙara girman intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matse kafin ta shiga inji.

A ɓangaren zafi kuwa, akan saka babban lagireto na alminiyam, a ƙara na'urar sanyaya baƙin mai, a sauya tamostat da wanda ke buɗewa da wuri, wasu ma kan haɗa fanka ta yadda za ta riƙa juyawa ba tsayawa. Manufar duk waɗannan ɗaya ce: a rage zafi. Tambayar ita ce, me zai faru idan yanayi da kansa ya riga ya rage shi?

Inji na bukatar zafi daidai gwargwado

Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da ke cikin man fetur ne kawai ke juya ƙafafun mota. Ragowar kan fita a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto. Amma duk da haka, masu ƙera motoci sun tsara inji ne ya yi aiki yayin da ruwan da ke zagaya cikinsa ke tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafi ne ƙarafan da ke cikinsa ke buɗewa su zauna daidai da juna, baƙin mai ya tsinke yadda ya kamata, man fetur kuma ya ƙone sosai.

Tamostat shi ne mai gadin wannan zafi. Ƙaramar ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa zuwa lagireto yayin da inji ke da sanyi, ba ta fara buɗewa sai ruwa ya kai kimanin digiri 82 zuwa 92, gwargwadon irin motar. Wanda masu kwaskwarima ke sakawa kuwa kan buɗe ne tun daga wajen digiri 71.

A lokacin hunturu, motar da ke ɗauke da irin wannan tamostat na iya yin tafiya mai nisa ba tare da injinta ya kai zafin da ake bukata ba. Kwamfutar injin za ta ɗauka har yanzu ana cikin ɗumamawa, don haka ta ci gaba da ba da mai fiye da kima. Sakamakon haka shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙazanta, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya gurɓata wanda ke ƙasa. Motoci da dama na zamani kan kunna fitilar gargaɗi, idan aka jona na'urar bincike kuma sai a ga lambar P0128, wadda ke nufin ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba.

Akwai kuma batun lafiyar direba. Hitar mota daga ruwan inji take samun zafinta, kuma ita ce ke narkar da ƙanƙara da raɓar da ke rufe gilashin gaba. Injin da bai ɗumama ba, direbansa ba ya ganin hanya sosai.

Abin lura a nan shi ne, babban lagireto shi kaɗai ba kasafai yake jawo matsala ba, muddin tamostat na asali yana nan da lafiyarsa, domin shi ne ke ƙayyade yawan ruwan da zai isa can. Shi ya sa matakin farko da ake ɗauka kafin hunturu shi ne mayar da tamostat na kamfani, a kuma mayar da fanka ƙarƙashin ikon na'urar da ke auna zafi.

Ruwan da ke cikin lagireto

Masu kai motocinsu filin tsere kan zuba zallar ruwa a lagireto, bisa dalilai biyu. Na farko, ruwa ya fi kowane haɗi kwashe zafi. Na biyu, filayen tsere da yawa sun haramta sinadarin gilaikol da ke hana daskarewa, saboda idan ya zube a kan kwalta yana da santsi ƙwarai.

Haɗarin shi ne a manta da wannan ruwa har sanyi ya shigo. Ruwa idan ya daskare, girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfin wannan kumburi ya isa ya fasa lagireto, ko famfon ruwa, ko ma gangar jikin injin. Dare ɗaya ya wadatar.

Haɗin da aka saba amfani da shi, rabi ruwa rabi gilaikol, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. A yankuna masu tsananin sanyi kamar arewacin Kanada da Finlan, akan ƙara sinadarin zuwa kashi 60 cikin 100. Amma wuce gona da iri ba shi da amfani, domin zallar gilaikol da ba a sirka ba tana daskarewa ne tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, kuma ba ta kwashe zafi sosai.

Wani abin mamaki shi ne mota na iya tafasa a tsakiyar hunturu. Idan haɗin ya yi rauni, ruwan da ke tsaye a lagireto yayin da tamostat ke rufe kan daskare saboda iskar da ke bugunsa. Lokacin da tamostat ya buɗe, sai ruwan zafi ya tarar da hanya a toshe, inji ya yi ta tafasa alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Ana auna ƙarfin haɗin da wata ƙaramar na'ura mai arha da ake samu a garejoji. Haka nan duk wani tankin ruwa da aka ƙara wa mota, kamar na intakula mai amfani da ruwa ko na fesa ruwa cikin inji, shi ma yana bukatar kariya ko kuma a zubar da abin da ke cikinsa. Ya kamata kuma a sani cewa gilaikol guba ce mai zaƙi a baki, don haka a nisanta ta daga yara da dabbobi, kuma ba a buɗe murfin lagireto yayin da inji ke da zafi.

Baƙin mai da ruwan da inji ke haifarwa

Kowace lita ɗaya ta fetur da ta ƙone kan haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma wani kaso kan sulale ta gefen fistin ya shiga cikin baƙin mai. Idan man ya yi zafi sosai, ruwan kan ƙafe ya fita. Idan kuwa bai yi ba, sai ya taru, ya cakuɗe da mai ya zama wani farin kumfa mai kauri da akan gani a ƙarƙashin murfin zuba mai.

A nan ne na'urar sanyaya mai da aka ƙara ke zama illa. Wadda ba ta da tamostat nata na kanta za ta ci gaba da sanyaya man da dama bai ɗumama ba. Mai mai kauri kuma ba ya saurin isa sassan da ke bukatarsa, yana kuma ƙara matsi a kan tiyo da mahaɗai. Mafita ita ce a saka mata tamostat mai buɗewa a wajen digiri 80, ko kuma a rufe fuskarta har sanyi ya wuce.

Irin man da aka zuba shi ma yana da muhimmanci. Lambar farko a jikin galan, kamar 0W ko 5W ko 20W, tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi ne, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin gudana. Man tsere mai kauri da ya dace da watan Agusta bai dace da safiyar Janairu ba.

Akwai kuma ƙaramin gwangwanin da masu turbo ke ɗaurawa domin tare tururin mai kafin ya koma cikin inji. A hunturu ruwa ne ke cika shi, kuma idan ya daskare ya toshe hanyar numfashin injin, matsin da ke taruwa a ciki na iya tura robobin da ke riƙe mai waje. Saboda haka akan riƙa zubar da shi a kai a kai, ko a matsar da shi kusa da ɗumin inji, ko a cire shi gaba ɗaya na tsawon lokacin.

Iska mai sanyi: riba da haɗari

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Idan aka kwatanta iskar digiri 10 ƙasa da sifili da ta digiri 30, ta farkon ta fi cunkushewa da kusan kashi 15 cikin 100, wanda ke nufin ƙarin iskar oksijin a kowane zuƙo. Wannan ne dalilin da ya sa direbobi ke jin mota ta fi kuzari da sanyin safiya. Motocin zamani suna da na'urorin auna yawan iska da zafinta, kuma kwamfuta kan daidaita mai da kanta, don haka sanyin iskar shi kaɗai ba abin tsoro ba ne.

Abin tsoron shi ne inda aka ajiye matatar. Wadda aka saukar ƙasan bamba tana fuskantar kududdufai da narkakkiyar ƙanƙara mai haɗe da gishirin da hukumomi ke watsawa a kan tituna. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan inji ya zuƙe shi da yawa, fistin zai ci karo da shi, sandar da ke tura shi ta lanƙwashe ko ta karye nan take. Ko da ruwan bai kai haka ba, dusar ƙanƙara na iya cushe matatar, ta narke da ɗumin inji, sannan ta daskare cikin dare ta hana iska wucewa. Wannan ya sa da yawa kan mayar da akwatin asali, ko su gajarta bututun matatar ta dawo ƙarƙashin bonet.

Daskarewa a maƙogwaron inji wata tsohuwar matsala ce. A motoci masu kafireta, saurin iska da ƙafewar fetur kan sauke zafi da digiri 20 ko fiye, har ƙanƙara ta taru a ciki ko da a waje sanyi bai kai sifili ba, musamman idan akwai laima a iska. Tsofaffin motocin Turai da dama na da wani hannu a jikin akwatin matata da ake juyawa zuwa matsayin hunturu, domin inji ya shaƙi iskar da ta ɗumama a kusa da bututun hayaƙi. A motocin da suka biyo baya, an bi da tiyon ruwan zafi ta jikin ƙofar totur domin wannan manufa. Wasu masu kwaskwarima kan cire wannan tiyo don iska ta ƙara sanyi, ribar da ba ta taka kara ta karya ba, alhali haɗarinta shi ne totur ya maƙale da ƙanƙara ana cikin tafiya. Irin wannan ne Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Turbo da intakula

Motocin turbo da aka sake wa lissafin kwamfuta suna da tasu matsalar. Idan an yi saitin ne a lokacin zafi, aka kuma kai shi har iyakar abin da famfon mai da nozul za su iya bayarwa, to iskar hunturu mai nauyi na iya wuce wannan iyaka. Turbo kan yi matsi fiye da yadda aka tsara, mai ya gaza, kuma ƙarancin mai a lokacin da inji ke aiki da dukkan ƙarfinsa na iya ƙona fistin. Masu saiti na ƙwarai kan bar rata saboda wannan, ko su tanadi saiti na biyu mai sauƙi domin hunturu.

A cikin intakula kuma, laimar da ke cikin iska na iya zama ruwa, ruwan ya daskare cikin dare. Wannan bai tsaya kan motocin da aka taɓa ba. Wasu ƙananan motocin Volkswagen masu amfani da dizal da aka sayar a Amurka da Kanada daga 2009 sun gamu da shi, har kamfanin ya fitar da kayan gyara na musamman domin yankuna masu sanyi. Intakula mafi girma ya fi sanyaya iska, don haka ya fi fuskantar wannan barazana, musamman a motar da gajerun tafiye-tafiye kawai take yi.

Ƙarin ƙarfin inji kuma yakan zo ne a daidai lokacin da taya ta fi rashin riƙo. Robar tayoyin bazara kan fara taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7. A Jamus, tun watan Disamban 2010 doka ta wajabta amfani da tayoyin hunturu a duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara, lardin Kwibek na Kanada kuma ya wajabta su tun 2008.

Dabarun ƙasashe masu sanyi

Direbobin manyan motoci a Kanada da Rasha sun daɗe suna rufe wani ɓangare na gaban lagireto da tamfol ko kwali domin inji ya riƙe zafinsa. Motocin zamani da yawa yanzu suna da fikafikai a bayan fuskar gaba da ke rufewa da buɗewa da kansu. Mai yin wannan da hannu dole ne ya bar rabi a buɗe, ya sa ido kan agogon zafi, ya kuma cire murfin da zarar gari ya fara ɗumi ko zai hau tudu da kaya.

Wata dabarar ita ce hitar lantarki da ake dasawa a jikin inji, wadda wani injiniya ɗan jihar Dakota ta Arewa a Amurka, Andrew Freeman, ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1949. A Finlan da Suwidin da Kanada, wuraren ajiye motoci da dama na da turakun lantarki da ake jona mota kafin a tayar da ita.

Barin mota a kunne tana tsaye domin ta ɗumama kuwa ba ya taimakawa sosai, domin inji ya fi saurin ɗaukar zafi idan ana tafiya a hankali. Dokar hanya ta Jamus ma ta hana barin inji a kunne ba tare da dalili ba. Yin haka a cikin rufaffen gareji kuma na iya kisa, saboda iskar guba marar wari da ke fita daga salansa.

Hukumomi na sa ido kan kayan kwaskwarimar su kansu. A Jamus, sauyin da ba shi da takardar amincewa ko shaidar hukumar bincike irin su TÜV na iya soke izinin hawa titi na motar, a jihar Kaliforniya kuma kayan shaƙar iska na bukatar lambar amincewar hukumar kula da tsabtar iska. Da yawa daga masu irin waɗannan motoci a Jamus kan kauce wa wahalar gaba ɗaya ta hanyar karɓar lambar mota ta wasu watanni kawai, tsarin da aka fara a 1997, su kulle motar a gareji har bazara.

Darasi ga Najeriya da Nijar

Dusar ƙanƙara ba ta zuba a Kano ko Maraɗi, amma batun ya shafi yankin ta wata fuska. Motocin da ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda ke shigowa ta tashoshin Kwatano da Legas, kan iso da tamostat ɗinsu, kuma sanannen abu ne cewa makanikai da yawa kan cire shi su haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasar Turawa.

Wannan fahimta ba daidai ba ce. Zafin da inji ke bukata ya haura digiri 80, abin da ko ranar watan Afrilu a Sakkwato ba ta kusa da shi. Injin da aka cire wa tamostat kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu a wurare irin su Jos, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, kuma sakamakon shi ne ƙarin shan mai da saurin cinyewar inji. Idan mota na tafasa, dalilin yawanci toshewar lagireto ne, ko lalacewar fanka, ko famfon ruwa, ko murfi, ko kuma shi tamostat ɗin ne ya mutu yana bukatar sabo.

Haka kuma ruwan kulant na da amfani ko a inda ba a daskarewa, domin yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa, saɓanin ruwan rijiya da ke barin gishiri yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

Game da matatar iska kuwa, abokin gaba a wannan yanki shi ne ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsakanin Disamba da Fabrairu. Buɗaɗɗiyar matata marar inganci kan bar lallausar ƙura ta wuce ta riƙa goge silinda, da damina kuma wadda aka saukar ƙasa na iya zuƙar ruwan ambaliya. Ga motar da ke bin waɗannan hanyoyi kullum, akwatin da kamfani ya saka, tare da sauya matatarsa a kan kari, shi ne ya fi tsare inji.